Tsabar azurfar Rumawa: wacce za ka fara saya?

In dai tsabar azurfar Rumawa kake so ka fara tarawa to kar ka tsaya kallon fuskar sarki kawai, juya bayanta, can maganar take. Lokacin ba rediyo ba jarida, tsabar nan da ke yawo hannun soja da ɗan kasuwa ita ke kai saƙon mai mulki har ƙauye.

Denariyus, wato babbar tsabar azurfar Rumawa, na zamanin jamhuriya kafin a fara sarakunan daula, wanda aka fara bugawa wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), azurfarsa mai kyau ce sosai, amma shahararrun cikinsu akwai tsada. Ta Juliyas Kaisar mai giwa tana tattake maciji kowa ita yake nema, shi ya sa kuɗinta ya hau kuma masu jabu sun fi kai mata hari. Ta Burutus kuwa, mai wuƙaƙe biyu da hular 'yantaccen bawa a tsakiya, wai ya 'yanta Rum da ya kashe Kaisar, wannan ka manta da ita kawai don tsadarta. Ta Mark Antoni mai jirgin ruwa da mikiya tsakanin tutoci biyu tana da ɗan sauƙi, sai dai yawanci duk ta goge saboda ta daɗe tana yawo a kasuwa.

Ni dai wallahi na sarakunan ƙarni na 2 nake ba sabon shiga shawara, Tarajan da Hadiriyan, don suna da yawa, farashinsu bai fi ƙarfin mutum ba kuma hotunan bayansu akwai labari. Tarajan ya haɗe ƙasar Nabatawa, wajen Jodan ta yau, a shekara 106 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) sai ya buga tsaba da mace tana wakiltar Arabiya ga raƙumi a gefenta. Hadiriyan da ya zaga daularsa ya buga mace mai wakiltar Afirka a kishingiɗe da fatar kan giwa a kanta tana riƙe da kunama, wannan in ka samu mai fitowa sarai kar ka bari ta wuce ka. Na Sebtimiyus Seberus, haifaffen Leptis Magna a Libya, sun fi araha amma azurfar ta ragu kusan rabi.

Sai antoniniyanus, wani sabon nau'in tsaba da sarki Karakalla ya fito da shi a 215, za ka gane shi da kambi mai tsini-tsini a kan sarki. Na Godiyan na 3 arha ne kuma yana da kyau, amma na zamanin Galiyenus sunan azurfa ne kawai, kusan duk tagulla ce.

Kafin ka biya a ɗora maka a sikeli, denariyus na sarakuna giram 3 da ɗoriya yake. Duba gefenta, in ka ga layin haɗi ko ƙananan ramuka to zubi aka yi, ta asali da guduma aka buga. Kuma dillali ya nuna maka takardar inda ya samo ta, ya yarda zai dawo da kuɗinka in ta fito jabu, in ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka ka nemi wani.