Gyaran sitiyarin Land Cruiser 80: abin da na gani bayan wata takwas a yashin Yobe

Motar da nake aiki da ita Toyota Land Cruiser ce samfurin 80, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1990 da 1997, mai injin dizal 1HZ mai silinda shida. Sana'ata duba rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana ce a ƙauyukan arewacin Yobe, saboda haka rabin tafiyar motar a kan kwalta take tsakanin Kano da Gashuwa, sauran rabin kuma a cikin yashi da gargadar hanyoyin Yusufari da Machina. Bara na sa aka ɗaga ƙafarta da inci 2, na kuma sauya mata tayoyi zuwa 285/75R16 domin ta daina jan ciki a yashi. Buƙatar ta biya, amma tun daga lokacin sitiyarin ya canja hali. Motar ta riƙa yawo a kan titi sai na yi ta tarairayarta, idan na sha kwana sitiyarin ba ya komawa tsakiya da kansa, kuma sau biyu, bayan na faɗa rami ina kan gudun kilomita 80, gaban motar ya kama karkarwa mai tsanani wadda ba ta lafa ba sai da na kusa tsayawa.

Da niyya ɗaya na shiga garejin masu gyaran ƙafa da aka kwatanta mini a Kano, wato a ɗaura mini sabon shakazoban sitiyari samfurin Old Man Emu na Ostareliya wanda na riga na saya, in kama hanyata. Maigidan garejin ya karɓi kwalin, ya ajiye shi a gefe bai ko buɗe ba, ya ce: "Alhaji, wannan shi ne na ƙarshe da za mu ɗaura. Idan na sa maka shi yau za ka ji daɗi na wata biyu, ciwon kuwa yana nan a ƙasa yana ci." A lokacin na ɗauka neman ƙarin aiki yake yi, sai da ya sa yaronsa ya zauna yana kaɗa sitiyarin hagu da dama a hankali, ni da shi muka kwanta a ƙarƙashin motar, na ga da idona yadda kawuna biyu na tayarod, wato sandar da ke haɗa tayoyin gaba, suke motsi a cikin gidajensu kafin taya ta amsa. Da aka ɗaga gaban da jak ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, sai ga wasa a boris ɗin da gwiwar taya take juyawa a kansu. Bushin ɗin sandar da ke hana aksul gocewa gefe shi ma ya tsattsage.

Wannan binciken, wanda bai wuce minti 40 ba, shi ne mafi darajar abin da na biya a garejin. Mota mai aksul ɗin gaba guda ɗaya irin 80 tana da sanduna biyu a sitiyarinta: ɗaya tana ɗauko juyi daga akwatin sitiyari zuwa gwiwar taya, ɗayar kuma tana bayan aksul tana haɗa tayoyin biyu. Kowace tana da kai biyu, kuma ɗan wasan da ke cikin kowane kai yana taruwa da na boris da na bushin har ya ba taya damar kaɗawa da kanta. Shakazoban sitiyari ba ya cire wasa ko kaɗan, bugu kawai yake shanyewa.

An sauya kawunan huɗu da na 555, wanda kamfanin Sankei na Japan yake yi, aka sa boris na Koyo a gwiwoyi biyu tare da sababbin sil, domin na hagu ya riga ya saki man aksul ya gauraye da giris ya zama kamar kunu. Abin da ya burge ni a nan shi ne ba da ƙiyasin hannu aka ɗaure gwiwar ba. Maigidan ya rataya ƙaramin sikeli mai ƙugiya a hannun gwiwar yana ja yana duba nauyin da take buƙata kafin ta juya, yana ƙara ko rage siraran farantan da ke ƙarƙashin murfin har ya samu abin da littafin gyaran motar ya faɗa. Na sha kai motoci gyaran ƙafa, ban taɓa ganin an yi haka a gabana ba. Bayan wata takwas kawunan 555 ba su fara wasa ba, robar da ke rufe su ba ta yage ba, duk da cewa yashin can yana cin roba kamar gara.

Yawon da motar take yi kuwa wani ciwo ne dabam, kuma ni na jawo shi da ɗaga ƙafa. Idan aka ɗaga 80, hannayen da ke riƙe da aksul suna sunkuyawa su murɗa shi gaba, sai karkatar da ke sa taya ta miƙe da kanta, wadda makanikai ke kira kasta, ta ragu da kimanin digiri 2 a ɗagawar inci 2. Maganin da aka yi mini shi ne bushin na musamman masu rami a gefe maimakon tsakiya, waɗanda ke mayar da aksul kusa da inda yake. Dole a auna a yi alama kafin a danna su, domin idan aka sa su a karkace sun ƙara lalata lamarin. Tun daga kwanar farko bayan fita daga garejin na ji bambanci, sitiyarin ya komo tsakiya yana zamewa a tafin hannuna kamar yadda na san shi a da. Sai dai irin waɗannan bushin sun fi na asali tauri, kuma ana jin hakan a kan gargada.

Sandar bayan aksul mun sauya ta da wata mai kauri, saboda tsohuwar ta ɗan lanƙwashe tun ranar da na hau kututture a cikin ciyawa. A kan wannan ina da ra'ayi biyu. Sanda mai kauri ba ta lanƙwasa da sauƙi, amma ƙarfin bugun da ta ƙi shanyewa wani wuri zai tafi, kuma wurin shi ne akwatin sitiyari da jikin shasin da aka ɗaure shi, inda manyan tayoyi suke iya jawo tsaga. Ga wanda ba ya hawa duwatsu, ina ganin sandar asali mai lafiya ta wadatar. Akwai kuma abin lura ga mai yin oda daga waje: da yawa daga cikin kayan ƙarfafa Land Cruiser daga Ostareliya suke fitowa, inda sitiyari yake a dama, mu kuwa tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi sitiyarinmu a hagu yake, don haka sai an tabbatar sandar ta dace kafin a biya kuɗi.

Shakazoban Old Man Emu, wanda kamfanin ARB na Ostareliya yake sayarwa, a rana ta uku aka ɗaura shi. Ya fi tsohon kauri, kuma amfaninsa a gargada yake bayyana, inda a da sitiyarin ke fizgar hannu har wuyan hannuna ya yi tsami kafin in isa Machina. Yanzu bugun yana zuwa a dakushe. A kan kwalta mai kyau ba na jin ya ƙara komai, kuma tsadarsa ta kusa ta kawunan tayarod huɗu a haɗe, shi ya sa wanda kuɗinsa bai kai ba zai iya jinkirta shi ba tare da ya yi asara ba.

Garejin yana da nasa aibi. An ce mini kwana biyu, aikin ya ci uku. Ba su da na'urar alaimen, da zare da tef suka daidaita tayoyin, kuma da na hau titi na tarar sitiyarin ya karkata hagu alhali motar tana tafiya a miƙe, sai da na koma aka murɗa sandar gaba aka daidaita shi. Ba su nemi ƙarin kuɗi ba, amma abu ne da gwajin minti biyar zai nuna musu. Daga baya na kai ta wurin masu alaimen na kwamfuta aka ƙara gyara kaɗan. Na yaba musu dai da suka ƙi taɓa notin da ke saman akwatin sitiyari, wanda wasu ke ƙulle shi tamau don ɓoye wasa har sitiyari ya riƙa cijewa, suka kuma zuba mini tsofaffin kayan a buhu na tafi da su.

Karkarwar ba ta dawo ba, ko a ramukan da suka tayar da ita a baya. Duk lokacin da na dawo daga daji nakan sa a duba notocin hannun gwiwa da na kawunan tayarod, kuma zuwa yanzu sau ɗaya kawai aka samu wanda ya buƙaci ƙarin ɗauri.