Apache Guacamole: ƙofa ɗaya a katangar tsaro ta ishe ni

Na jima ina amfani da Apache Guacamole wajen shiga kwamfutocin wurin aiki daga nesa, kuma a ganina ya cancanci duk wahalar da ake sha wajen kafa shi. Manhaja ce ta kyauta da ke ƙarƙashin gidauniyar Apache. Aikinta shi ne ta nuna maka allon wata kwamfuta a cikin burauza, ka riƙa sarrafa ta kamar kana zaune gabanta, ba tare da ka sauke komai a na'urarka ba. Tana aiki da RDP na Windows, da VNC, da kuma SSH, wato hanyoyin da ake bi a shiga kwamfuta daga nesa.

Dalilin da ya sa na rungume ta shi ne tsaro. Mutane da yawa suna buɗe ƙofa (port) ta 3389 a katangar tsaro (firewall) don su samu shiga RDP kai tsaye daga intanet, alhali masu kutse dare da rana suke lalubar wannan ƙofa. Wanda ya tuna BlueKeep, raunin RDP da aka bayyana a 2019, ya san irin fargabar da hakan ta haifar. Da Guacamole, ƙofa ta 443 kaɗai nake bari a buɗe, wato ƙofar HTTPS da kowane shafi mai tsaro ke bi.

Inda mutum yake samun cikas shi ne idan bai gane cewa tafiyar zango uku ce ba. Burauza tana magana da shafin Guacamole da ke gudana a kan manhajar saba mai suna Tomcat, galibi a ƙofa ta 8080 bayan Nginx, manhajar da ke karɓar haɗi daga waje ta miƙa ciki. Shafin yana miƙa wa wani ɓangare mai suna guacd a ƙofa ta 4822. Shi kuma guacd shi ne yake ƙwanƙwasa kwamfutar da ake nema: 3389 idan RDP ce, 5900 idan VNC, 22 idan SSH. Saboda haka idan shafin shiga ya buɗe, ka sa sunanka ya karɓa, sannan haɗin ya katse, kada ka ɓata lokaci a katangar waje, domin ta riga ta bar ka ka wuce. Duba katangar ita kwamfutar da kake nema. Na sha tarar da Windows ta ɗauki hanyar sadarwar a matsayin ta jama'a, dokar da ta halatta RDP kuwa an kunna ta ne don hanyar cikin gida kawai. Ga masu amfani da Docker, wadda ke gudanar da manhaja a keɓe cikin kwantena, adireshin localhost a cikin kwantenar guacd yana nufin kwantenar ce kanta, sai ka rubuta ainihin adireshin kwamfutar.

Matsalar da ta fi cin rai ba ta katsewa ba ce, ta nauyi ce. Komai ya haɗu, allon ya bayyana, amma ka motsa linzami sai kibiyar ta biyo ka a makare, ka buga kalma haruffan su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Nan take za ka zargi intanet. Sau da yawa ba ita ba ce. Guacamole ya fi son WebSocket, hanyar da ke zama a buɗe tsakanin burauza da saba. Idan wani abu a tsakiya ya hana, sai ya koma HTTP na yau da kullum ba tare da ya sanar da kai a allo ba. A rajistar (log) Tomcat za ka ga layin da ke cewa ba WebSocket ake amfani da shi ba. Maganin a Nginx gajere ne: a sa proxy_http_version 1.1, a wuce da kanun Upgrade da Connection, a kashe proxy_buffering. Da na gyara waɗannan layuka na sake buɗe shafin, linzamin ya koma bin hannuna daidai.

Akwai wani ofishi da duk wannan bai wadatar ba, saboda katangarsu tana buɗe zirga-zirgar HTTPS ta bincika, tana kuma yanke WebSocket. Sai da mai kula da hanyar sadarwarsu ya halatta wa adireshinmu kafin aiki ya tafi.

Saƙon kuskuren da ke fitowa a allo taƙaitacce ne, cikakken bayani yana cikin rajistar guacd. Can za ka ga ko takardar shaidar tsaro (certificate) da Windows ta ba kanta ce aka ƙi, ko kuwa NLA, matakin tantancewa na RDP, ce take neman suna da kalmar sirri tun kafin a buɗe allo.

Ina ba da shawarar a yi amfani da Guacamole, da sharaɗi biyu. A kunna TOTP, wato lambar sirri ta ɗan lokaci da ake sawa bayan kalmar sirri, tunda ƙofar nan ɗaya tana fuskantar duniya baki ɗaya. Sannan a kowace kwamfuta ta ciki a taƙaita 3389 ta karɓi haɗi daga adireshin sabar Guacamole kaɗai.