Sharhi kan Babbar Intakula da na Ɗaura wa Golf GTI a Zafin Sakkwato

Duk mai mota mai turbo a Sakkwato ya san halinta biyu ne a lokacin bazara: da sassafe tana amsa totur nan take, amma da zarar rana ta take a watan Afrilu, ma'aunin zafi ya haura digiri 40, sai jikinta ya mutu. Tawa Volkswagen Golf GTI ce ƙirar Mk7, mai injin lita 2.0 da ƙarfin doki 220, kuma saboda wannan matsala na sauya mata intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga injin.

Ba laifin motar ba ne, dabi'ar iska ce. Iskar da ke digiri 45 ta fi ta digiri 20 sakayau da kusan kashi 8 cikin 100, sannan turbo, wanda hayaƙin salansa ke juyawa, yana ƙara dumama ta wajen matsawa har ta wuce digiri 100. Idan ta isa injin da zafi, fetur yakan kama kafin lokacinsa, abin da bakanikai ke kira nokin, shi ya sa kwamfutar motar take jinkirta tartsatsin fulogi ta kuma rage matsin turbo don ta kare fistin. Abin ya fi tsanani a wajenmu domin yawancin gidajen mai fetur iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓin mai lamba 95 ko 98, wanda ya fi jure wa nokin, kamar a Turai. A wannan ƙirar kuma an cusa intakular ne tsakanin kwandensar esi da lagireto, don haka iskar da za ta sanyaya ta sai ta fara kwasar zafin esi, ga shi kuwa babu mai iya kashe esi da azahar a garin nan.

Wadda na saya ta zallar alminiyom ce, ta fi ta asali kauri da nauyi, kuma babu murafen roba a gefunanta. Ɗaurawar ta ci yini guda, domin sai da aka cire bamba da fitilun gaba. Ramin kusa ɗaya bai yi daidai ba, sai da bakanike ya goga shi da zarto, abin da bai kamata a gani ba a kayan da aka biya kuɗi mai yawa a kansa.

Na gwada ta da ƙaramar na'urar OBD2 da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda ke nuna zafin iskar shiga a wayar hannu. A hanyar Birnin Kebbi da tsakar rana, a da idan na tsere wa tirela sau biyu a jere, lambar takan yi sama ta daɗe ba ta sauko ba, kuma a karo na biyun ina jin motar tana jan ƙafa. Yanzu lambar na tsayawa kusa da zafin waje, tana ɗan ɗagawa idan na taka, ta koma da na saki totur, kuma tsere na uku yana zuwa da ƙarfin na farko. Wannan ne ainihin abin da na biya, kuma na gamsu da shi ƙwarai, domin a hanya mai hannu ɗaya, sanin cewa mota za ta amsa lokacin da ka fito gaban babbar mota magana ce ta rai.

Sai dai kada mai sayarwa ya ce maka tana ƙara doki. Ƙarfin da zafi ke kwashewa take maidowa, kuma ba za ta taɓa sanyaya iska ƙasa da zafin gari ba. A cunkoson cikin gari, inda iska ba ta kaɗawa, ƙarfen yana shan zafi kamar tukunyar ƙasa, sai an samu sarari an yi gudu na ɗan lokaci kafin ya huce.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen irin wannan kaya alhali an cire musu tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan injin, an cika lagireto da ruwan famfo, ƙurar hunturu kuma ta toshe haƙoran kwandensa. Wanda ke cikin wannan hali ya fara wanke gaban motarsa da ruwa marar ƙarfi, ya maido da tamostat da ruwan sanyaya injin na ainihi, ya zuba baƙin mai 5W-40 mai lambar VW 502 00, ya duba fulogi da fanka. Idan bayan haka motar na ci gaba da sanyin jiki da rana, kuma yana yawan doguwar tafiya, ina ba shi shawarar ya sayi babbar intakula. Mai zirga-zirga tsakanin gida da ofis kawai, gara ya riƙe kuɗinsa.