Shagon kindirmo a unguwar Zariya: shin ya dace da dattawanmu?

A unguwar Zariya ta birnin Maradi akwai wani ƙaramin shago da ba ya sayar da komai sai dafaffiyar madarar shanu, kindirmo, nonon leda da man shanu, kuma a jikin ƙofarsa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa nono yana ƙara tsawon rai. Kayan shagon sun cancanci yabo, amma wannan rubutu ya zarce abin da masana suka tabbatar.

Kindirmon shi ne abin zuwa. Yana da kauri har ludayi yakan bar gurbi idan an ɗebo shi daga robar da ke cikin firijo, tsaminsa daidai ne, kuma ban ji alamar an tsinka shi da ruwa ko an kaɗa shi da garin ƴaƴan kuka ba, kamar yadda wasu ke yi da rani idan shanu sun rage kawo nono. Abin da ya fi burge ni shi ne, a idon mai saye ake tafasa madarar da makiyaya ke kawowa da sassafe kafin a bar ta ta huce a zuba mata tsohon nono, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na zazzaɓin da ke sa dabbobi ɓari, kuma jikin tsoho ba ya jure irin waɗannan cututtuka kamar na saurayi.

Amfanin nono ga mai shekaru ba abin musu ba ne. Kofi guda na madara yana ɗauke da sinadarin kalsiyam kusan miligiram 300 da furotin kimanin giram 8, waɗanda ƙashi da tsoka ke buƙata lokacin da haƙori ya daina iya tauna nama. A wani gwaji da aka buga a 2021, wanda aka yi a gidaje 60 na kula da tsofaffi a ƙasar Ostareliya, ƙara musu madara, nono da cuku ya rage karayar ƙashi da kashi 33 cikin 100.

Batun tsawon rai kuwa yana da sarƙaƙiya. Binciken jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin na 2014, wanda ya bi mata fiye da 60,000 na tsawon shekaru kusan 20, ya gano cewa masu shan kofi uku na madara ko fiye a kullum sun fi yawan mutuwa, alhali masu shan nono mai tsami da cin cuku sun fi samun sauƙi. Wani binciken na 2018 a ƙasashe 21 ya nuna akasin haka game da madara, inda masu shanta suka fi tsira daga ciwon zuciya da shanyewar jiki. Duka biyun lura suka yi da abin da mutane ke ci, ba su tabbatar da cewa madarar ce sanadi ba. A ganina kindirmo ne ya fi aminci a nan, musamman da yake dattawa da yawa madara tana kumbura musu ciki, shi kuwa tsaminsa ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin da ke jawo hakan.

Inda shagon ya gaza shi ne nonon leda da suke ƙullawa, wanda aka cika wa sukari har ya danne ɗanɗanon nonon, kuma ba a gargaɗin mai saye ko da ya ce wa mahaifinsa mai ciwon sukari zai kai. Kuɗinsu ya ɗara na ƙwaryar ƴan Fulani a babbar kasuwa, sai dai tafasawar da sanyin firijo sun biya bambancin. Wanda zai saya wa tsoho ya je da hantsi, ya nemi kindirmo tsantsa ba sukari, domin a watannin zafi, idan wutar lantarki ta ɗauke da rana, na yamma yakan yi tsami fiye da kima ya fara tsatso ruwa.