Garin bakteriya na tarkon maiƙo: yana kashe wari, amma ba ya kwashe maiƙo

An yi wata uku ana zuba wannan gari a tarkon maiƙo mai cin lita 100 na wani gidan abinci a unguwar Nima da ke Accra, inda kullum ake dafa waakye (shinkafa da wake) da tuwo da miyar manja. Wari ya ragu ƙwarai, bututun fita bai toshe ba ko sau ɗaya. Amma duk mai sayarwar da ya ce maka daga yau ka huta da buɗe murfi, ciniki kawai yake nema.

Shi tarkon akwati ne mai shinge a ciki. Ruwan wanke-wanke ya shiga ya lafa, mai ya taso sama, ƙwayar shinkafa da guntun banku (tuwon ƙullun masara) su kwanta a ƙasa, ruwan tsakiya ya wuce. Garin kuwa bakteriya ne jinsin Bacillus a bushe, sai sun jiƙu suke farkawa su fitar da sinadarin da ke farfasa mai. Abu ne mai rai, wannan ne masu kicin da yawa suke mantawa.

Kafin zubin farko a kwashe tarkon tas, a kankare jikinsa da shingen, a cika shi da ruwa mai tsabta. Idan an zuba garin a kan maiƙon da ya yi kauri, kuɗi ne aka zubar. A auna yadda aka rubuta a jikin robar, a dama a ruwan ɗumi kamar lita 2, ɗumin da hannu zai jure ba tare da an janye ba, a bar shi minti 20 zuwa 30. Sai dare, bayan an wanke tukunyar ƙarshe, a zuba ta magudanar da ta fi kusa da tarkon, kada a sake buɗe famfo sai asuba. In an zuba da rana, ruwan wanki zai kore bakteriyan kafin su kama jikin bututu, musamman a ƙaramin tarko.

Abu uku ke kashe su: Parazone (ruwan bilic), sodar wankin bututu, da tafasasshen ruwa. Na ukun ya fi ɓarna, domin bayan kisan yana narkar da man ya tsallake shinge, ya je ya daskare a can gaba inda hannu ba ya kaiwa. Ruwan da aka tace daga dafuwa a bar shi ya huce tukuna. Zafin Accra kuwa yana yi musu daɗi.

Inda garin ya gaza shi ne kitsen shanu da na rago. Manja da man gyaɗa suna saki da sauƙi, amma kitse yakan daskare kamar kyandir, bakteriyan kuma bayansa kawai suke ci. Gara a goge tukwane da faranti a kwandon shara kafin wanki, a sa rariya a bakin magudana.

Duk mako a tsoma sanda har ƙasa. Idan maiƙon sama da laka ta ƙasa sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin ruwan, lokacin kwashewa ya yi. A wannan kicin, da ana kwashewa duk mako, yanzu ana kai kwana goma zuwa sha biyu.

A yi hattara da maganin da zai share tarko fes cikin kwana biyu. Bakteriya ba sa wannan saurin. Sinadarin narkarwa ne, yana tura man zuwa kwata ne kawai, kwatar Nima kuma kogin Odaw take zuba, daga nan sai tafkin Korle. Abin da aka kwashe a zuba shi a bokiti mai murfi, a gauraya da toka ko garin katako, a bai wa masu ɗibar shara.