Mitar Auna Wuta Mai Baki: Abin da Take Iyawa da Inda Ta Gaza

A shagunan kayan lantarki na babbar kasuwar Katsina ana sayar da wata ƙaramar mita da masu gyaran wuta suka karɓa hannu bibbiyu, wadda ke da baki mai buɗewa a samanta, ana maƙala shi a jikin waya ba tare da an yanke ta ba. Ƙirar ƙasar Sin ce, tana zuwa da sunaye daban-daban, kuma wadda na saya tana cikin masu sauƙin kuɗi. Tana auna boltej, wato ƙarfin da ke tura wuta, tana auna karant, wato yawan wutar da ke bin waya, tana kuma auna turjiya, wato yadda abu ke tare wutar da ke ratsa shi, sai dai ba ta nuna wat, wato ƙarfin wutar da na'ura ke ci, alhali shi ne abin da maigida ya fi son sani idan zai sayi janareta ko inbata.

Wannan rashi bai dame ni ba, domin ƙa'idar da masanin nan na Jamus, Georg Ohm, ya wallafa a shekarar 1827 ta nuna cewa idan aka raba boltej da karant za a sami turjiya, sannan wata ƙa'idar dabam ta nuna cewa idan aka ninka boltej da karant za a sami wat. Abin da ake buƙata daga mitar kawai shi ne ta ba da lambobi biyun farko daidai.

Na jarraba ta da dutsen guga na lantarki wanda aka rubuta wat 1000 a gindinsa. Soket ya nuna bolt 218, wayar kuma ta nuna amfiya 4.1, wato turjiyar dutsen ta kai kimanin om 53, abin da yake ci kuma wat 894, ba 1000 ba. Da na zare shi daga wuta na auna turjiyar kai tsaye da wayoyin mitar biyu, ja da baƙa, lambar da ta fito ba ta yi nisa da lissafin ba, kuma wannan ne ya sa na amince da ita. Daga nan mutum zai gane dalilin da ya sa guga ke jan lokaci idan wuta ta yi ƙasa: turjiyar tana nan kusan yadda take, don haka idan boltej ya sauko zuwa 180, karant zai koma amfiya 3.4, ƙarfin kuma ya tsaya a wajen wat 612. Sai wutar ta cika bolt 230, wanda shi ne ma'aunin Najeriya, sannan dutsen ke ba da abin da aka rubuta a jikinsa. Mai aunawa ya hanzarta karanta lambar, domin da zarar dutsen ya yi zafi ya yi 'yar ƙara ƙat, karant ɗin yakan faɗi zuwa sifiri har sai ya ɗan huce.

Akwai abin da takardar da ke cikin kwalin ba ta fayyace ba, kuma da Turanci kaɗai aka buga ta, da ƙananan haruffa. Dole ne bakin ya kama waya guda ɗaya tak. Idan ya haɗa da mai kai wuta da mai dawo da ita, sai su soke juna, mitar ta nuna sifiri, mai saye ya ɗauka an sayar masa da jabu. Haka kuma ba a auna turjiya sai an kashe wuta.

Babbar gazawarta ita ce bakin nata wutar gida kawai yake ganewa, ba ya karanta karant ɗin batir ko na faifan sola. A gari irin Katsina, inda gidaje da shaguna da yawa suka koma sola, wannan ba ƙaramin naƙasu ba ne, domin za ta gaya maka batir yana da bolt 12.6, amma ba za ta gaya maka nawa fanka ke zuƙa daga cikinsa ba. Ƙaramin karant ma yana ba ta wahala, har lambar ƙwan fitila mai wat 10 takan riƙa rawa. Game da firji da injin jan ruwa kuwa, ninka boltej da karant yana ba da adadin da ya zarce ainihin wat ɗin da suke ci, saboda yanayin aikin moto, kodayake adadin yana da amfani wajen zaɓar kaurin waya da girman janareta.

Ga ɗalibin lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ko mai haɗa wutar gidaje, ta ci kuɗinta. Mai aikin sola kuwa ya ƙara kuɗi ya nemi wadda ke karanta karant ɗin batir, kuma kafin ya biya ya nemi mai shago ya maƙala ta a wayar batirin da ke aiki, ya ga lambar da idonsa.