Ƙwallon dusar ƙanƙara na gidan Perzy a Biyena, na siya kuma na gamsu

Shekara ta bakwai kenan ina tara ƙwallayen gilashin nan masu ruwa da dusar ƙanƙara a ciki, waɗanda idan ka girgiza sai farin abu ya dinga zubowa a kan ɗan gini ko bishiya. Ina da guda goma sha huɗu a kanta, yawanci tsarabar tafiya ne daga shagunan filin jirgi, to amma gaskiya sai da na shiga shagon Original Wiener Schneekugelmanufaktur sannan na gane ashe ban taɓa riƙe na kirki ba.

Shagon yana layin Schumanngasse a unguwar Hernals, Biyena babban birnin Ostiriya, ba cikin tsakiyar gari inda 'yan yawon buɗe ido suke cincirindo ba, gida ne tsoho kawai, a nan suke ƙerawa a nan suke siyarwa har da ɗan gidan tarihi a ciki. Kuma tarihin nasu ya burge ni sosai. Erwin Perzy maƙerin kayan tiyata ne, wajen 1900 yana neman dabarar ƙara hasken fitila a ɗakin tiyata sai ya ɗauko dabarar masu ɗinkin takalmi da suke aje ƙwallon gilashi cike da ruwa a gaban kyandir don hasken ya ƙaru, ya zuba tsakin alkama a ruwan yana ganin ko zai ƙara haske, to tsakin ya jiƙa ya dinga sauka a hankali kamar dusar ƙanƙara. Na farko da ya yi ɗan samfurin cocin garin Mariazell na Ostiriya ya saka a ciki. An nuna irin wannan kaya a baje kolin Faris tun 1878, amma shi ne ya yi rajistar nasa ya mai da shi sana'a, har yau kuma zuri'arsa ce ke riƙe da gidan.

Ni mai faɗin milimita 80 na ɗauka, wanda a ciki akwai ƙaton lilon nan mai juyawa na filin shaƙatawar Prater a Biyena da aka gina a 1897. Gindin baƙi ne sumul ba tarkacen ado, ba kiɗa ba fitila, gilashin kuma garau. Amma inda kuɗina ya fita shine dusar. Idan na kifa shi na miƙar sai farin ya cika ko'ina har lilon ya ɓace, sannan ya fara bayyana kaɗan kaɗan, wasu ƙwayoyin suna juyi suna komawa sama kafin su sauko su kwanta a kan 'yan akwatunan lilon, wallahi sai ka zauna kana kallo baka so ya ƙare. Na jera shi da wani na roba da na taɓa siya a wani filin jirgi, shi wancan kafin ka ƙirga biyar komai ya zube ƙasa kamar yashi, ruwansa ma ya fara komawa rawaya ga kumfar iska ta zauna a sama. Abun da suke haɗa dusarsu da shi sirrin gidan ne basa faɗa wa kowa, kuma da hannu ake fentin abubuwan ciki.

Eh ya fi na bakin titi tsada, amma ni na ga inda bambancin yake.

Mai niyyar siya dan Allah ya kula da abu biyu. Ruwa ne a ciki, dokar filin jirgi ta hana ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu zata iya kama ka a wajen bincike, ni nawa naɗe shi nayi da rigar sanyi na tura tsakiyar akwati ya iso lafiya lau. Sannan kar ka aje shi bakin taga, gilashi mai ruwa yana tara hasken rana waje ɗaya har ya iya ƙona labule ko takarda, zafi kuma shi ke rage ruwan ya kawo kumfa, balle irin zafinmu na watan Afrilu. Nawa yana can ƙuryar kanta inda rana bata kaiwa, in Allah ya sake kai ni kuma na milimita 120 zan ɗauko.